Mako Guda a Malaga: Bugun Sama a Padel

Litinin
Koci ya ce mu ajiye ƙarfi a gida wannan makon. Filin padel mita 20 ne a tsayi, 10 a faɗi, gilashi da waya sun kewaye shi, kuma wanda ya riƙe gaban raga shi ke juya wasa. Shi ya sa abokin karawa ke ɗaga maka ƙwallo sama, wato globo, don ya kore ka baya. Yadda za a amsa wannan ɗagawa shi ne aikinmu.

Talata
Bandeja. Ka juya gefe, ka ja baya da ƙananan taku, raket na sama tun ƙwallo bai fara saukowa ba. Ka tare shi daidai goshi, ka shafe shi ta ƙasa, ya nufi kusurwa, ya taɓa gilashi ya kwanta. Da wuya ta ci maki. Amfaninta ta ba ka damar komawa raga kafin a mayar maka.

Laraba
Víbora. Tsayuwa ɗaya ce da ta jiya, amma gefen ƙwallo ake yanka, da sauri. In ya bugi gilashi sai ya zame gefe ƙasa-ƙasa, mai tsaron baya ya rasa inda zai sa raket. Da yamma kafaɗata ta yi tsami.

Alhamis
Yau aka sake mu mu yi remate, wato dukan ƙwallo da ƙarfi daga sama. In ka murɗa ƙwallo ya daki ƙasa, ya daki gilashin baya, ya tsallake bangon gefe mai mita 3, ka yi por tres; ƙwararru kan fita ta ƙofa da gudu su dawo da shi. In ya tsallake na baya mai mita 4, por cuatro ke nan, maki ya ƙare. Amma remate mai rauni kyauta ce: gilashi zai dawo da ƙwallo gaban raga, abokin karawa ya tarar da shi a sama.

Juma'a
Mun kalli wasan ƙwararrun 'yan padel Agustín Tapia da Arturo Coello. Ko su, da duk ƙarfin hannunsu, sun fi saukar da guduma in globo ya gajarta. Koci ya taƙaita mana: mai nisa bandeja, matsakaici víbora, gajere remate. Wanda ya wuce ka kuwa, bar shi ya bugi gilashi ka same shi a dawowa. Wannan bajada ce, darasin mako mai zuwa.