Kabarin Tayac

Mu mazauna zango mun san wahalar neman filin binne mamaci a inda ake ce mana baƙi. To, ga waɗanda aka mayar baƙi a ƙasar kakanninsu: ƙabilar Piscataway ta jihar Maryland a Amurka. Turawan Ingila da suka sauka a 1634 sun tarar da su suna noman masara a bakin kogin Potomac, sannu a hankali suka raba su da gonakin. Da shugabansu Turkey Tayac ya rasu a 1978, sai da majalisar Amurka ta yi doka kafin a binne shi a Moyaone, makabartar kakanninsa. Har yau suna ziyartar wurin. Mu fa, 'yan'uwa, jikokinmu sun san inda kakanninmu suke kwance?