Kada ku tsiraita marmara

'Ya'yana, duk wanda ya taɓa gina rijiya a tuddan ƙasar Bazaga ya san inda diga take turjewa: marmara. Kuna zaginta, kuna ce mata ƙasar banza, alhali ta girmi kowane gari a Adar.

Masana ƙasa sun ce ta samu ne shekaru miliyoyi da suka shige, lokacin da yankin nan yake shan ruwan sama mai yawa ga zafi, ba irin daminarmu ta wata uku ba. Ruwa ya yi ta ratsa dutse yana wanke kalsiyam da fotasiyam da mafi yawan silika, ya bar abin da ya ƙi narkewa, wato ƙarfe da alminiyam. Jan nan da kuke gani tsatsar ƙarfe ce, himatayit. Mai ruwan ɗorawa kuwa gotayit ake ce mata, farin yumɓun da ke ƙasansu kawolin. Da rana da iska suka same ta sai ta daskare, kuma in ta daskare ba ta sake laushi. Farin dutsen da ake toya siminti da shi a Malbaza ma ya girme ta, shi tun zamanin da teku ta rufe nan ne.

To, ga inda ta shafe ku. Gero ba marmara yake ci ba, 'yar ƙasar da ke lulluɓe da ita yake ci, wadda a wani wurin ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Ita marmara ruwa ya riga ya cinye abincinta, ƙarfenta kuma yana riƙe fosfat ya hana saiwa samu. In kun sare gawo da kalgo da sabara, kun kwashe kara tas, iska da kwararar ruwa su ɗauke mayafin, me ya rage? Fako. Mun ga haka da idonmu bayan farin 1973 da na 1984.

Amma fako yana jin magani. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso ta hannun wani shiri na asusun raya noma na FIDA, suka dawo suka gyara tassa, wato ramukan shuka. Da rani ake fasa ramukan, a tara ƙasar ta gefen gangare don ta tare ruwa, a zuba taki cikin kowanne. Gara ta biyo takin ta huda ƙasa, ruwan farko ya sami hanya ya nutse. Aiki ne mai karya ƙugu, ba zan ɓoye muku ba, shi ya sa ake yi masa gayya.

A wajen Badagishiri har fako ya yi kuɗi, masu hali suna saye suna gyarawa. Kafin ɗayanku ya sayar da na gado don kuɗin motar zuwa cirani, ya je can ya tambayi nawa ake taya wanda aka yi wa tassa.