Remok ba wuta a hanyar Tanut

Mu 'yan Damargu, da kaka ta yi sai mu ƙulla remok a bayan ƙaramar mota, mu loda gero, mu hau gudron RN11 da dare. Lodin ya rufe fitilun bayan motar, remok kuma ko ampul ɗaya babu. Alhali tun 2011 da aka buɗe matatar SORAZ, manyan motocin mai ba su rabuwa da hanyar nan. In ka taka birki, ta ina direban da ke bayanka zai sani? Mu da ke karanta sanarwar rasuwa a rediyo, abin na damunmu.

Haɗin fa ba wuya. Waya bakwai ce: ja ta birki, rawaya sigina ta hagu, koriya ta dama, baƙa da ruwan ƙasa fitilun dare, shuɗiya ta hazo, fara ita ce mas. Farar nan ake rainawa, wai ƙarfen da ke jan remok ya isa. Tsatsa da ƙura na shiga, wuta ta ɗauke. A ɗaure ta da noti a jikin shasi.

Kafin ka bar Belbeji, ɗan'uwa, tsayar da yaron mota a baya, taka birki ya duba maka.