Ƙwayar Daddawa Ta Zama 'Yar Aike

Na daɗe ina fataucin daddawa, shi ya sa labarin nan ya kama ni. Abin da ke mai da kalwa daddawa wata ƙwaya ce, ido ba ya ganinta, masana na ce mata Bacillus subtilis. In abinci ya ƙare mata, sai ta ƙudundune cikin ɓawo mai tauri ta yi barci. Fari ba ya kashe ta, tsamin ciki ma takan wuce shi lafiya.

To, akwai gasar ɗalibai wai ita iGEM, an fara ta a Amurka a 2004, a 2022 ta koma Faris. Waɗansu ɗalibai suna gyara ƙwayar nan su ɗora mata magani, ta kai shi hanji daidai wurin ciwo, kada ya watsu cikin jiki duka.

Falke ya san zafin lalacewar kaya a hanya. Magunguna da yawa sai da sanyi, ita kuwa ba ruwanta da firji. Amma aikin yana ɗakin gwaji tukuna, kada wani ya bar likita ya kama miya. Allah ya ba yaran nan sa'a, amin.