Wuƙar Goron Gwaggo

Sai da na shekara 43 a duniya kafin ƙafata ta taka jirgin sama, kuma ko a ranar ma rakiya aka sa ni. 'Ya'yan Gwaggo, yayar mahaifina, suka haɗa kuɗi suka biya mata Umrar azumin 2019. Da aka zo neman muharramin da zai iya karanta takarda, sai ido ya faɗo kaina, tunda ni ne malamin makaranta. Babu wanda ya tambaye ni ko na taɓa shiga filin jirgi, ni ma na ja bakina na yi shiru. A danginmu idan kana riƙe da alli, ana ɗauka har tuƙin jirgin ma ka iya.

Tsarin tafiyar shi ne mu tashi daga Bauchi zuwa Abuja, daga can mu bi ta Alƙahira mu sauka Jidda. Ni duk fargabata tana sama: yaya ƙarfe zai tsaya a iska, me zan yi idan amai ya taso mini a gaban Gwaggo. Ashe duk abin da zai ba mu wahala yana ƙasa, kuma daga gida muka taho da shi.

Tun ana saura kwana uku masu saƙo suka fara sallama. Wannan tana da ɗa mai karatu a Madina, ga yajin daddawa a kai masa. Waccan ƙanwarta tana aure a Makka, ga kuka da kuɓewa busasshiya, an ɗaure a leda an naɗe da salatif kamar laya. Mu mutanen tashar mota ne. Tun muna yara muke ganin ana zuwa tashar Muda Lawal a miƙa wa direba ƙulli a ce a kai wa wane a Kano, ba ya tambayar abin da ke ciki, kuma wanda ya ƙi karɓar saƙon maƙwabci sai a shekara ana zancensa.

Sai dai a makon tafiyar duk rediyon da ka murɗa labari ɗaya ake yi. A ƙarshen watan Afrilu aka saki wata ɗaliba mai karatu a Kano da hukumomin Saudiyya suka tsare tun watan Disamban 2018, bayan an sami ƙwayar tiramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya nuna jakar ba tata ba ce, wasu ne a filin jirgin Kano suka manna mata lambar yarinyar ba da saninta ba. Wata huɗu tana tsare a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya kisa ne. Da wannan na sami bakin magana. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na ce duk mai saƙo ya kwance abinsa a gabana, in gani, in shinshina, in sake ɗaurewa da hannuna. Mutum biyu suka ɗauki kayansu suka fita cikin fushi. Ɗayar har yau idan na gaishe ta da hanci take amsawa.

Wani abokina da ya saba zirga-zirgar Abuja ya duba mini takardu a daren tafiya, shi ya gano abin da ni mai karatun ban gani ba. A fasfona an rubuta sunan mahaifina da "Muhammadu", a tikiti kuwa wanda ya saya ya rubuta shi yadda ya ga dama. A wurinmu suna ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum biyu ne. Sai da muka tashi mai sayar da tikitin daga barci aka gyara. Abokin nawa ne kuma ya ce in duba ko fasfon Gwaggo yana da sauran wata shida kafin ya ƙare, in haɗa shi da katin rigakafi mai ruwan ɗorawa a jakar da ba za ta bar jikina ba, in sa maganin hawan jininta a ciki tare da takardar likita. Na rubuta duk wannan a bayan ambulan kamar mai shiga jarrabawa.

Filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa yana Durum, kan hanyar Kano, fiye da kilomita 20 daga cikin gari. A zamanin Gwamna Isa Yuguda aka gina shi, ya fara aiki a 2014. Kafin nan alhazanmu sai an kwashe su a mota zuwa wata jiha su hau jirgi. Sunan ya dace da wurin, don mai sunan ya riƙe ministan sufuri kafin ya zama Firayim Minista a 1957. Gwaggo kuwa abu ɗaya ta sani game da filin: hoton nan da ya zagaye wayoyi a watan Disamban 2015, na fasinjoji suna saukowa daga jirgi da tsani irin na magina. Muna wuce shataletalen Awala ta dafa kafaɗata.

"Babana," haka take kirana don sunan mahaifinta aka sa mini, "in da tsani ne ka faɗa mini tun yanzu. Gwiwar nan ba za ta iya ba."

Awa biyu kafin lokaci muka isa, Gwaggo tana ta mita wai an hana ta barcin safe alhali ko fasinja ba su taru ba. Na yi mata bayanin da aka yi mini jiya: jirgi ba ya jiran cika, kuma tun da sauran kusan minti 45 a tashi akan rufe kantar karɓar kaya. Wanda ya zo bayan nan, ko yana ganin jirgin da idonsa, ya yi asara.

A kantar aka karɓi tikiti da shaida, aka ɗora akwatunanmu a sikeli, aka tambaye ni ko ni na shirya su da kaina kuma ko akwai batirin cajin waya, wato fawa banki, a ciki. Akwai. Na durƙusa a gaban layi na zazzage rabin akwati ina nema, har ɗankamfaina ya leƙo. Irin wannan batiri yana iya kamawa da wuta, shi ya sa ake so ya zauna a jakar hannu inda ido zai gan shi, ba a cikin jirgi can ƙasa ba. Da aka gama sai ma'aikaciyar ta manna 'yan ƙananan takardu masu lamba a bayan katin shiga jirgi. Na tsaya na ƙirga su: akwati uku, takarda uku. Na ɗauki hoton kowane akwati da waya. Mutumin da ke bayana ya yi tsaki, ban kula shi ba, ɗalibar nan kawai nake tunawa.

Sai wurin bincike. Jakar Gwaggo ta shige cikin na'ura, ta fito, aka ja ta gefe. Jami'in ya zaro gorar ruwa cike da zuma, da kwalbar humra mai tsawon tafin hannu.

"Mama, wannan ba za su shiga ba. Da a babban akwati kika sa su, da ba komai."

"Zuma ce fa, ɗan nan. Ta buɗa baki."

"Na sani, Mama. Doka ce."

Dokar ita ce duk wani abu mai ruwa-ruwa, turare ne ko man shafawa ko zuma, kada mazubinsa ya wuce mililita 100 a jakar hannu. Ƙaramin gwangwanin madarar ruwa ma ya fi haka. Asalinta daga Ingila ne, a watan Agustan 2006, lokacin da aka bankaɗo shirin tarwatsa jirage da sinadarin da aka ɓoye a kwalaben lemo. Kusan kowace doka a wannan layi haka take, akwai wanda ya jawo ta. Cire takalmi ya samo asali ne daga wani da ya ɓoye abin fashewa a takalminsa a 2001. Na'urar da ke leƙa jikin mutum kuwa ta bazu ne bayan abin da Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin yi a jirgin Amsterdam zuwa Detroit ranar 25 ga Disamba 2009, abin da ya sa koren fasfonmu ya daɗe yana shan kallo a ƙasashen waje. Duk wannan daga baya na karanta. A lokacin, gudu kawai na yi waje da zuma da humra, na tarar da ɗan yayana da ya kawo mu yana shirin tayar da mota. Na miƙa masa, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Kuskurena ke nan. Wanda ya kawo ka filin jirgi, kada ka sallame shi sai kun gama wuce bincike gaba ɗaya. Ina dawowa aka ce Gwaggo ta bi ta ƙofar nan mai ƙara, ƙofa kuwa ta ɗauki kuka. Ta cire awarwaro, ta sake bi, ta sake kuka. Wata jami'a ta ja ta bayan labule, don mace ce ke binciken mace, kuma ko ba a yi tayi ba mutum yana da damar ya nema. Jim kaɗan suka fito, jami'ar tana riƙe da lalitar da Gwaggo ke ɗaurawa a ƙugu. A ciki akwai mabuɗin ɗakinta, da goro, da 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho wadda wasawa ta cinye ta har ta koma kamar tsinke. Tun da haƙoranta suka zube da ita take yanka goro siri-siri. Mijinta marigayi ne ya saya mata.

Na kira ɗan yayana, wayar ba ta shiga. Akwatuna sun riga sun tafi. Na buɗe baki zan yi roƙo, Gwaggo ta ɗaga mini hannu. Ta karɓi wuƙar, ta goge ta da bakin mayafi, ta saka ta da kanta a akwatin da suke tara almakasai da reza.

"Ku ajiye mini. Zan dawo."

Matakala muka hau, ba tsani ba. Jirgin ƙarami ne mai farfela, na ba ta kujerar taga. Da ya ɗaga sai ga ruwan madatsar Gubi yana ƙyalli, ga duwatsun da suka kewaye gari sun koma kamar murhu. Lokacin farkon damina ne, hadari ya haɗu ta wajen Jos, jirgi ya shiga gargada. Ni na kama hannun kujera har yatsuna suka yi fari. Na saci kallon ma'aikaciyar jirgin, na ga hira take yi abinta, sai hankalina ya ɗan kwanta. Tun daga ranar fuskar ma'aikata nake duba idan jirgi ya fara rawa, kuma ba na kwance bel ko an kashe fitilarsa. Gwaggo ko a jikinta, carbi take ja. Ta ce hanyar Ningi kafin a gyara ta ta fi wannan. Abin da ya dame ta shi ne kunne, da muka fara sauka ya toshe mata yana zafi. An ce a tauna cingam ko a tsotsi alewa, ita kuma ta rantse ba za ta karya azumi saboda tafiyar da ba ta kai awa ɗaya da rabi ba. Wani dattijo a gefenmu ya ce ta yi ta hamma tana haɗiyar yawu. Haka muka sauka Abuja, ni da ita muna ta hamma kamar masu jin yunwar shekara.

A filin Nnamdi Azikiwe ne abin da na fi tsoro ya zo, kuma da fara'a ya zo. Na je canjin kuɗi, na dawo na tarar da wata mata mai kamala, da hijabi har ƙasa, zaune kusa da Gwaggo suna hira kamar sun shekara da sanin juna. A cinyar Gwaggo akwai ƙulli a baƙar leda.

"Babana, baiwar Allah nan ɗanta ne ba lafiya a Makka. Magani ne kawai."

Na gaishe ta da ladabi, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ma karɓar saƙo. In kuma dole ne, ga jami'ai can, mu je a buɗe a gabansu." Ta ce ai ba sai an kai ga haka ba, ta ɗauki ledarta, ta yi mana fatan alheri, ta tafi. Har yau ban san abin da ke ciki ba. Mai yiwuwa maganin ne da gaske, na hana mara lafiya. Gwaggo ta yi awa guda ba ta yi mini magana ba, daga baya ta ce boko ya cire mini tausayi. Na haɗiye, don ina da sauran faɗa a gaba: goron lalita. Saudiyya ta hana shiga da shi, kuma duk shekara hukumar alhazai sai ta yi gargaɗi a kai. Da aka sha ruwa ta kira masu shara biyu ta juye musu shi a hannu, tana kallona.

Sauran tafiyar ta zo da sauƙi, sai abu ɗaya da na gode wa abokina a kai. Ya ce in sa haramina a jakar hannu, don akwati ba zan sake ganinsa ba sai Jidda, jirgi kuwa a sama yake wuce miƙati. A Alƙahira na yi alwala na ɗaura. Da aka yi sanarwar miƙati na ga wani bawan Allah cikin kaftani yana ta waige-waige, nasa yana can ƙasa cikin kaya.

Bayan kwana 16 muka sauka Durum, kowa da jarkar zamzam mai lita 5 a cikin kwalinta. Na ƙirga akwatuna, na gwada lambobinsu da na bayan kati. Ina juyowa babu Gwaggo. Can na hango ta a ƙofar masu tafiya, ta tare wani jami'i tana kwatanta masa da yatsu: 'yar ƙarama ce, ƙotarta ƙaho. Yaron ya saurare ta har ta gama, ya ce zai duba, Mama. Washegari na shiga kasuwar Wunti na sayo mata sabuwa. Ta jujjuya ta, ta gwada a jikin goro, ta ce ba ta da kaifi.