Haƙorin da na yi shekaru ina ɓoyewa

Ranar sunan ɗan ƙanwata aka ɗauke mu hoto, aka turo a WhatsApp ɗin gida. Kowa ya washe baki, ni kaɗai na ja gefen mayafi na rufe nawa. Ummi, 'yata mai shekara shida, ta ƙura wa wayar ido ta ce, "Mama, ke ba ki iya dariya ba ne?"

Na iya. Ina aji uku a sakandare na faɗi a bakin famfo, kusan rabin haƙorina na gaba ya ɓalle. Aka cike wajen da ciko mai launin haƙori, ya yi kyau na wasu shekaru, sannan shayi ya fara rina shi. Daga rawaya ya koma ruwan ƙasa, har gefensa ya yi baƙin layi. A turamena kuma akwai ciko uku irin mai kama da azurfa, duk sun yi baƙi. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma a wurin aiki na fi kowa son takunkumi.

Da na kwashi adashi na tafi wurin likitan haƙori da magana ɗaya: a cire duka huɗun, a sa min hular tangaran. Hular haƙori ba baƙon abu ba ce a wurinmu. Haƙorin Makka da Goggo ta dawo da shi daga Hajji hula ce da aka kifa a kan nata. Wannan dai da tangaran ake yin ta, don ta saje da sauran haƙora.

Ya ɗauki hoton haƙoran, ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce, "Sista, biyu zan yi miki. Biyun nan kuma ko kin biya ni ba zan taɓa su ba."

Raina bai so ba. Ya nuna min a hoton: na gaban, cikon ya fi abin da ya rage na haƙorin yawa, ruɓa kuma ta fara shiga ta ƙarƙashi. Turmi ɗaya ya tsage. Sauran biyun muni kawai gare su, amma lafiyarsu ƙalau.

Na kawo masa maganar zaiba, don na san kusan rabin irin wannan cikon zaiba ce, har Tarayyar Turai ta hana amfani da shi tun Janairun 2025. Ya ce haka ne, amma lokacin da ake fasa cikon da inji ne tururin zaibar ya fi fita. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ma, da ta ba da shawara a 2020 cewa a guji sa wa masu ciki, masu shayarwa da yara 'yan ƙasa da shekara shida sabon irinsa, ta ce kada a cire tsohon da ke zaune lafiya. A lokacin ina shayar da autana, don haka turmin da ya tsage ma sai da na yaye shi aka taɓa.

Abin da ban shirya masa ba shi ne fiƙewar. Kafin hula ta zauna, sai an kankare haƙori ta kowane gefe, milimita ɗaya zuwa biyu. Allura ta kashe zafin, amma da harshena ya taɓa ɗan guntun da ya rage, sai da idona ya kawo ruwa. Ni da nake riƙe hannun mata a ɗakin haihuwa, sai ga ni ina damƙe hannun kujera. Abin da aka kankare ba ya sake tsirowa. Haƙorin nan zai zauna da hula har ƙarshen rayuwata, ita kuma hular kan yi shekara goma zuwa sha biyar, wani lokaci fiye, sannan a sake wata. A kan kujerar nan na daina jin haushin biyun da ya hana ni.

Wajen zaɓen launi na nuna wanda ya fi kowanne fari. Ya yi dariya ya ce, "Idan na sa miki wannan, daga bakin ƙofa za a gane." Muka ɗauki mai ɗan duhu, daidai da maƙwabtansa. Mako biyu na yi da hular wucin gadi, ba rake, ba tauna ƙashin kaza, kafin ta gaskiyar ta iso.

Tangaran ba ya ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinsa yana iya ruɓewa ta inda hular ta haɗu da dasashi. Shi ya sa yanzu kullum dare sai na bi tsakanin haƙora da zare, abin da da can nake ganin iyayi ne.

Ranar da aka gama, Ummi ta hau cinyata ta ce in buɗe baki. Ta leƙa gaba, ta leƙa ciki, ta ɓata fuska.

"Mama, an manta biyu."

Na ce ba a manta ba, nawa ne, a nan za su zauna. Ta ce to in yi dariya ta gani.