Kumasi, inda katako ke rabuwa biyu

Wanda ya shiga Sokoban, a kudancin birnin Kumasi na ƙasar Gana, ƙamshin ɗanyen icce zai fara tarbar shi, sannan kukan zarto. Nan hukuma ta maido kafintoci da ƴan katako da ke zaune a unguwar Anloga, lokacin da aka zo gina sabuwar hanya. Garin katako ya rufe ƙasa kamar rairayi, an jibge alluna bisa alluna har sun fi mutum tsayi. Ana ciniki da Turanci da yaren Asante, amma Hausa ba baƙuwa ba ce, tun da Zangon Kumasi ya daɗe da kafuwa.

A wannan gari katako ke rabuwa biyu. Mai daraja, irin su tik da jan iccen nan ɗan'uwan maɗacinmu, yakan nufi kudu, zuwa tashoshin jiragen ruwa na Tema da Takoradi, wadda aka buɗe tun 1928. An busar da shi, an auna, an buga mashi hatimi, sai Turai ko Indiya, wadda ke sayen mafi yawan tik ɗin Gana. Tun tsakiyar shekarun 1990 gwamnati ta tsaida fidda gungumen daji waje, don a riƙa tsaga su cikin gida, aikin ya zauna hannun ƴan ƙasa.

Saura shi ke hawa arewa. Mafi yawa farin katako ne maras nauyi, na rimi da na wani dogon icce da mutanen Kodibuwar ke kira samba, Ganawa kuwa suna ce mashi wawa. Sunan na ba Bahaushe dariya, amma da wannan wawan ake ƙera bencin makaranta da allunan zubin siminti a ƙasashen Sahel. Laifinshi guda ne: gara na son shi. Kamyo ya ɗauka ya bi Teciman, Tamale, Bolgatanga, ya tsaya duwan a Paga, ya ratsa Burkina Faso kafin ya ga Yamai. Kusan sawun fataken Gwanja ne, waɗanda suka sha ɗauko goro daga Salaga bisa jakuna. Yanzu rashin tsaro a gabashin Burkina ya sa motoci na jira a yi ayari da rakiyar soja, kuma kowane kwana na jira yana komawa cikin farashi.

Babban ɓangare na wannan kaya bai bi ta masana'anta ba. Da zarton hannu mai inji ake tsaga shi can cikin daji, abin da doka ta hana tun 1998, amma kasuwa ba ta daina saye ba. Irin wannan yanka yana ɓarnar icce ƙwarai, ga gonakin koko da masu haƙar zinariya na cin dajin ta wani gefen.

Ko arewacin Gana bai tsira ba. Madobiya, wadda makaɗa da masassaƙa suka daɗe suna amfani da ita, ta samu kasuwa a Sin, aka yi ta sara har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga ƙasashe da dama a 2022.

A Sokoban dai zarto bai yi shiru ba. Tsofaffin ƴan katako na nuna faɗin allon da da hannu biyu a buɗe, sannan su matso da su, su nuna na yau.